Kayen da Ya Rage a Bakin Dattawa: Sharhi kan Hirar Mazan Jiya a Ƙasar Zuru

A littattafan nazarin adabin baka da muka karanta a makaranta, an ware wa tatsuniya babinta, an ware wa kirari da karin magana da waƙoƙin makaɗa nasu. Amma akwai wata irin magana da kowannenmu ya tashi yana ji, wadda da wuya ka ga an ba ta ko shafi ɗaya: hirar da dattawa kan ɓarke da ita idan aka ambaci sunan wani tsohon ɗan kokawa ko ɗan dambe da suka gani da idonsu suna samari. Mun saba ɗaukar ta surutun tsufa. Yaro kan ba ta kunne ɗaya, idonsa na kan waya. A ganinmu adabi ce mai ƙa'idojinta, kuma marubutan ƙagaggun labaranmu sun yi asararta fiye da yadda suka sani.

Mun zaɓi mu dubi wannan hira daga ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin Jihar Kebbi. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba, kuma gida ce ga ƙabilu da dama, irin su Fakkawa da Dukkawa da Kambari, da kuma Lelna waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. A wurin Lelna kokawa ba sana'ar wasu 'yan tsiraru ba ce da ake biyan kuɗin ƙofa a kalla. Mataki ce a hanyar zama namiji. Yaro kan yi kokawa, sannan ya shiga golmo, wato noman da saurayi ke yi wa gidan surukansa tare da tsararrakinsa, shekara bakwai a al'adance, kafin a ba shi matar. Bikin Uhola kuwa, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona, nan ake godiya, a yi rawa, a yi kokawa, a kuma yaye waɗanda suka kammala golmo. Saboda haka dattijon Dabai ko Rikoto ko Senchi da ke ba da labarin kayen shekarun 1960 ba ɗan kallo ba ne zalla. Shi ma ya sha ƙasa a wannan filin. Watakila ma ya san nauyin hannun wanda yake yabo a ƙugunsa.

To, yaya hirar take tafiya?

Abu na farko da mai sauraro zai lura da shi, ba a ambatar gwarzo shi kaɗai. Sai an faɗi ƙauyensu, an faɗi ubansa, an faɗi gonar da ya yi golmo da 'yar gidan da ya yi dominta. Kafin a kai ga kayen da ake son bayyanawa, an riga an zana taswirar dangi uku ko huɗu. Mai gaggawa zai ce an ɓata lokaci. Amma a hirar, ƙarfin mutum ba nasa ba ne shi ɗaya: na tsararrakinsa ne da suka yi huɗa tare, na ƙauyen ne da zai kwana yana murna ko yana jin kunya.

Haka kuma ba za ka ji lissafin shekara irin na kalanda ba. Dattijo ba zai ce 1973 ba, sai dai ya ce shekarar da aka canja kuɗi, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Ba zai ce 1972 ba, zai ce shekarar da motoci suka koma hannun dama. Wani kayen an yi shi ne kafin a tafi yaƙin Biyafara, wani bayan sojoji sun dawo a 1970, wani kuma shekarar Udoji, da ma'aikatan gwamnati suka cika kasuwa da kekuna da rediyo. Irin wannan lissafi yana da wata baiwa da lambobi ba su da ita: da zarar an faɗi lokacin, an faɗi halin da mutane ke ciki. Wanda ya ce bayan yaƙi, ya riga ya gaya maka cewa akwai samarin da ba su dawo filin ba.

Daga nan sai hirar ta kauce, kuma wannan kaucewar ita ce muka fi so mai karatu ya riƙe. Ana tsakiyar bayanin yadda wane ya sarƙe ƙafar wane, sai a tuna cewa ranar da ƙafa aka je, domin motar da ke bin hanyar sau ɗaya take zuwa, ranar kasuwa. Sai a shiga kuɗin tiyar dawa a wancan zamani, da yadda sisi kan ciyar da saurayi yini guda. Sai a gangara kan fatar da ake ɗaurawa a ƙugu, da wanda ya iya jeme ta, da galmar da maƙerin ƙauye ke ƙerawa wadda yaran yanzu ba za su iya yini da ita ba. Sai wani ya tuna da farin da aka yi, da shekarar da rumbuna suka ƙare kafin damina. Mai son sakamakon wasa zai ƙosa. Sai can, bayan rabin sa'a, mai labarin ya dawo ya ce, "To, ina muke? Yawwa, sai ya ɗaga shi." Kayen da kansa bai fi jimla biyu ba. Abin da ya cinye lokacin shi ne duniyar da aka yi kayen a cikinta, kuma ita ce ainihin abin da dattijon yake kewa. Sunan gwarzon ƙofa ce kawai da yake bi ya koma can.

Ƙa'ida ta ƙarshe da muka gani, wadda ta raba wannan hira da tatsuniya, ita ce ba ta yiwuwa da baki ɗaya. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai ƙaryata su. Amma idan dattijo ya ce ba a taɓa kai wane ƙasa ba, lalle akwai na gefensa da zai gyara zama ya ce, "A'a, Malam, ban da ranar da munka tai Mahuta." Nan gardama za ta tashi: ai ranar yana da ciwo a gwiwa, ai santsi ne, ai ba kaye ba ne tunda hannu kawai ya dafa. Wani lokaci har a miƙe, a kama kafaɗar wani jika a nuna yadda kamun ya kasance. Gaskiyar da ke fitowa daga irin wannan zama ba ta mutum ɗaya ba ce, ta majalisa ce, kuma tana da tauri saboda an ja ta an sake ja.

Yanzu mu kwatanta da abin da waƙa ke yi. A ƙasar Hausa, ɗan damben da ya dace da makaɗi ya tsira daga mantuwa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kore waƙoƙin da har yau ake saurare, daga gidajen rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa wayar hannu. Illon Kalgo, a nan Kebbi, shi ma ya raya sunayen mazan da ya yi wa kiɗa. Babu mai musun gwanintar Ɗan Anace. Ya ɗauki mutum mai jini da tsoka ya mai da shi ajali mai tafiya da ƙafa, ya cika waƙar da kabari da makoki, har ya kai jaruminsa lahira ya haɗa shi da Walakiri. Wanda ya ji waƙar Shago tsigar jikinsa ba ta tashi ba, to bai ji Hausar ba.

Sai dai waƙar maza tana da abin da take zubarwa, kuma dole ta zubar, domin aikinta zuga ne. Makaɗi yana tsaye a fili, gwarzonsa na gabansa, masu kari na jira. Ba wurin da zai tsaya ya gaya mana abin da ɗan damben ke ci a gida, ko wa ke nome masa gona idan ya tafi yawon kaka, ko yadda hannun ke kwana yana zogi bayan an kwance zare. Waƙa tana ɗaga mutum ta raba shi da ƙasa. Hirar dattawa kuwa mai da shi ƙasa take yi, ta zaunar da shi cikin mutane, har ta gaya maka cewa a ƙarshen rayuwarsa an gan shi yana gadi, ko yana sayar da rake a tasha. Mun daɗe muna nazarin ta farkon a jami'o'i, kundi bisa kundi. Ta biyun ko rikodin kirki ba mu yi mata ba.

A Zuru wannan bambanci ya fi ciwo. Yabon 'yan kokawar Lelna da harshen C'lela aka yi shi, a filin ƙauye, kuma kasuwar kaset da shirye-shiryen rediyon da suka ratsa Arewa da Hausa suka yi tafiyarsu. Abin da ya biyo baya shi ne, saurayi a Zuru yana iya sanin kirarin Shago, ya san 'yan damben zamani irin su Ebola da Dogo Mai Takwasara daga bidiyon YouTube, ya san Kudu da Arewa da Guramada, amma bai san sunan wanda ya gagari ƙauyen kakansa shekara biyar a jere ba. Mu da muke rubutu da Hausa ya kamata mu faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba: harshen da muke alfahari da yaɗuwarsa inuwa ne, kuma ba kowace shuka ke girma a ƙarƙashin babbar inuwa ba.

Ba wai mutanen ƙasar ba su da tasu hanyar adana gwarzo ba ne. Suna da ita, kuma ta fi kaset daɗewa. An san Dakarkari da tukwane da siffofin yumɓu da ake ɗorawa a kan kabarin manyan mutane, sarakuna da mafarauta da manyan manoma da gwanayen kokawa. Turawa sun yi rubutu a kansu tun zamanin mulkin mallaka, wasu kuma suna ajiye yau a gidajen tarihi na ƙasashen waje. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mata ne ke gina su. Namiji ya yi kaye a fili, maza sun yi ta hirarsa, amma hannun mace ne ya yanke yadda za a tuna shi bayan ya mutu. Musulunci da Kiristanci sun sauya yadda ake binne mamaci, sana'ar ta ja baya, nauyin tunawa ya koma kan baki kaɗai.

Nan ne kuma ya kamata mu juya mu soki hirar ita kanta, domin ba mu zo yi mata kirari ba. Ƙarin gishirinta bai dame mu ba. Kowa ya san gwarzon da ya mutu yana ƙara tsawo duk shekara, kuma majalisa na da hanyar rage masa. Shirunta ne ya dame mu. Yarinyar da aka yi shekara bakwai ana noma dominta tana shigowa hirar a matsayin suna, ko a matsayin lada, kamar ragon da ake ba wanda ya yi na ɗaya. Ba a cika tambayar ko tana son wanda ya yi golmon ba, ko me ya faru da wadda ta ƙi. Wanda aka kayar ma haka: ana bukatarsa don labarin ya yi daɗi, daga nan a watsar da shi, alhali shi ne ya koma gida ya fuskanci 'yan matan ƙauye da waƙar zambo. Akwai kuma tacewar da sabon addini ke sa wa a yi. Dattijon da yau alhaji ne, ko dattijon coci, yakan tsallake randunan burkutu da aka sha a bikin, ya tsallake abin da aka yi a wurin tsafi kafin a fita fili, ya bar mana kokawa wankakkiya kamar wasan motsa jiki na firamare. Mun fahimci dalilinsa. Amma wanda ya ji labarin a haka ba zai gane me ya sa mutane suke tsoron wani ɗan kokawa tun kafin ya taɓa su ba.

Mafi muni shi ne idan hirar ta zama bulala. "Yaran yanzu ba su da ƙashi." Da an faɗi haka, labari ya mutu, wa'azi ya fara, yaron da ake so ya saurara ya tashi. Kuma maganar ba adalci a cikinta. Saurayin da ke kwana a bakin ƙauye da bindigar toka yana gadin iyayensa bai gaza kakansa ƙashi ba.

Ana yawan cewa golmo da kokawa ne suka sa ƙasar Zuru ta zama gidan soja, daga waɗanda suka je yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa janar-janar irin su Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo II, wanda ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau gadon sarauta, ya kuma rasu a watan Agustan 2025. Dattawa na son wannan bayani saboda yana mai da wahalarsu jari. Marubuci kuwa ya kamata ya juya tambayar: cikin samarin da suka bi motar ɗaukar soja, nawa ne suka tafi don golmo ya horar da su, nawa ne suka tafi don albashin wata ya fi shekara bakwai a gonar suruki sauƙi? Wannan tambaya kaɗai ta isa littafi guda.

Ga shi kuwa ba mu rubuta shi ba. Abin mamakin shi ne ƙagaggen labarin Hausa da bakin tsoho ya fara. Cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, Ganɗoki na Bello Kagara tsohon mayaƙi ne ke ba da labarin jaruntakarsa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma tsohon malami ne ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa. Mutumin Zuru da ya karanta Ganɗoki yana da dalilin ɗaga gira, domin jarumin na rundunar Kwantagora ne, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, kuma kakannin mutanen wannan yanki sun san hare-haren Kwantagora ta ɗaya gefen mashin. Shaihu Umar ya fi tausayi, tunda ya bi sawun wanda aka sace da uwar da ta fita nemansa. Amma littattafan biyu sun yi tarayya a abu ɗaya: babu mai katse tsohon. Masu sauraro yara ne ko almajirai, aikinsu su yi shiru. Babu tsaran Ganɗoki a gefe da zai ce, "Kai, ranar ai gudu ka yi."

Wannan tsohon da ba a katsewa shi muka gada. Ka duba littattafan soyayya na kasuwar Kano tun daga shekarun 1980, ka gangaro kan waɗanda ake sakawa yau babi-babi a WhatsApp da Wattpad. Dattijo a cikinsu galibi ɗayan biyu ne: ko uban da ya kafe kan auren dole, ko kakan da ake kawowa a babin ƙarshe ya yi nasiha a sasanta. Ba shi da samartaka. Bai taɓa son wani abu na banza ba, irin son da mutum ke yi wa ɗan wasan da bai ma san da zamansa ba. Ba ya gardama kan abin da ba zai ƙara masa ko kwabo ba. A taƙaice ba shi da abin da ke sa tsoho ya zama mutum a kan takarda. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, yana cikin 'yan kaɗan da suka ɗauki ƙauyen da ba na Musulmi ba da sojan da ya dawo daga yaƙin basasa da muhimmanci, ko da yake shi ma daga baya ya bi hanyar bindiga da ta'asa ya bar ƙauyen a baya.

A wasu wuraren an gane amfanin wannan hira. Chinua Achebe ya buɗe Things Fall Apart, a 1958, da kokawar da Okonkwo ya kayar da Amalinze, wanda ya shekara bakwai ba a kai bayansa ƙasa ba. Abin lura shi ne lokacin da labarin ya fara, kayen ya kai shekara ashirin da yi, kuma dattawan gari ne ke auna shi da wata kokawar da ta fi shi tsufa, ta wanda ya kafa garin. Wato Achebe ya fara ne da hirar mazan jiya, sannan ya kwashe sauran littafin yana nuna abin da wannan suna ya ci wa mai shi da iyalinsa. A Senegal, Aminata Sow Fall ta gina L'Appel des arènes a kan yaron da gangar filin kokawa ke janyewa daga tarbiyyar boko ta iyayensa.

Misalin da ya fi kama da namu, abin mamaki, daga arewacin Ingila yake. A can akwai wani reshe na wasan zari-ruga mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wanda ya ɓalle a 1895 a garin Huddersfield, saboda ƙungiyoyin arewa na son a biya ma'aikatan ma'adinan kwal da masaƙu ladan aikin da suka rasa ranar wasa, manyan kudu kuma suka ƙi. Wasan talakawa ne, na garuruwa irin su Wigan da Castleford da Featherstone, inda ɗan wasan da ka yi wa tafi ranar Asabar shi ne abokin aikinka a rami ranar Litinin. Bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985 aka yi ta rufe ramukan. Tsofaffin magoya bayan wasan idan suna tuna 'yan wasan da, rabin hirar ta ramin ce da unguwar da ta watse. Suna da gumaka su ma: a bakin filin Wembley akwai na tagulla na gwanaye biyar, cikinsu har da Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Amma abin da ya fi gunki amfani shi ne littafin David Storey, This Sporting Life, na 1960. Storey ɗan mai haƙar kwal ne, kuma ya buga wasan da kansa. Ya buɗe labarin da karyewar haƙoran jaruminsa a fili, ya kuma ba bazawarar da jarumin ke haya a gidanta nauyi daidai da na wasan. Abubuwa biyun da muka ce hirar dattawanmu na tsallakewa, ciwon jiki da macen da ke gefe, su ya sa a tsakiya.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanyar. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, hukuma ta riƙe sunayen zakarun, har ta sa wa filayen kokawa sunayensu: na Maraɗi Kantu, na Dosso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Wannan ya kare sunaye daga ɓata, kuma abin koyi ne. Amma suna a jikin bango bai gaya maka kuɗin tiyar gero ba.

Abin da ya sa muke ganin maganar ba ta jira ita ce halin da ƙasar Zuru ke ciki. Wanda ya ga kokawar 1965 yana saurayi, yau ya haura 75. Wannan kaɗai ya isa. Sai ga 'yan bindiga. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka rasa mutum sama da 60. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga, a Danko/Wasagu, aka kwashe ɗalibai. Tsakanin waɗannan, ƙauyuka da yawa sun tashi, mutanensu sun watsu zuwa Ribah da Zuru da wasu garuruwan. Idan muka tuna cewa hirar nan ba ta yiwuwa da baki ɗaya, za mu ga irin ɓarnar. Dattijon da ya yi gudun hijira zuwa gidan ɗansa a birni yana nan da labarinsa, amma wanda zai ce masa "ban da ranar Mahuta" yana wani garin, ko yana ƙasa. Labarin da ba mai ja, ko ya kumbura ya zama tatsuniya, ko mai shi ya gaji ya yi shiru, domin ba daɗi a ba da labarin kaye ga wanda bai san ko ɗaya daga cikin masu kokawar ba.

Wayar da ke hannun mai karatu tana iya ɗaukar murya, kuma mun ga matasa sun fara ɗora hirar tsofaffi a Facebook da TikTok. Muna yaba niyyar, muna ƙorafi kan almakashin. Abin da ake yankowa minti ɗaya ne: sunan gwarzo, kirarinsa, kayen, sai kiɗa a ƙasa. Wato an ɗauki hira an mai da ita waƙar zuga, an zubar da kaucewar da muka ce ita ce cikinta. Wanda zai yi aikin da kyau sai ya haɗa tsofaffi biyu ko uku da suka san fili ɗaya, ya bar su su yi ta musu, kada ya dawo da su kan hanya idan sun gangara kan kuɗin dawa da motar ranar kasuwa. Sannan ya shiga cikin gida ya tambayi tsohuwar da aka yi golmon dominta, ita kaɗai, ba a gaban mijin ba.

Ga marubucin da zai mai da wannan ƙagaggen labari da Hausa kuma akwai tarkon fassara. Golmo ba sadaki ba ne, ba kuma gayya ba ce, ko da yake ya ɗan yi kama da kowannensu. Uhola ba sallar wasu ba ce, ba kuma kalankuwa ba. Idan aka musanya su da kalmomin da Bakano ya saba da su don a sauƙaƙa masa, za a wayi gari an rubuta labarin wani ƙauyen Kano da aka lulluɓa wa sunan Zuru. Gara a bar kalmomin C'lela a inda dattijon ya ajiye su, a bar Hausarsa da karinta na yamma yadda ta fito daga bakinsa, mai karatu na Kano ko Damagaram ya ɗan sha wuya a shafukan farko har kunnensa ya saba.